Ganyen Malam Ɗahiru da Aka Sha da Zuma

A watan nan Malam Ɗahiru ya cika shekara tara da rasuwa. Sai da na ƙirga da yatsu sau biyu, don zuciyata ta ƙi yarda. A nan Kuala Lumpur muka binne shi, nesa da Kano inda aka haife shi, kuma a nan nake har yau, ina sana'ata ta sarin yadi da mayafai a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman ina aikawa gida. Duk shekara in watan ya kama sai in ce bana zan rubuta wani abu a kansa, sai kuma in fasa. Abin da ke hana ni shi ne, ba yadda za a yi in faɗi ko wane ne Malam Ɗahiru ban tona asirin kaina ba. Bana dai na gaji da ɓoyo. Ina alfahari da mutumin nan, kuma alfaharin ya fi ƙarfin kunyar.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Ɗahiru malamin jami'a ne a gida, gwamnati ta turo shi nan yin digiri na uku a ilimin tsirrai. Ya sauka da matarsa Hajiya Bilkisu da 'ya'yansu biyu a wani kondo, dogon benen haya, a unguwar Bukit Jalil, hawa biyu ƙasa da nawa. A ƙasan ginin akwai ɗan ɗakin salla, wanda mutanen ƙasar ke kira surau, kuma yawancin masu salla a ciki mu ne baƙi. Ranar da ya fara jan mu Magariba muka ji ƙira'arsa, daga nan limanci ya zama nasa, ba zaɓe ba shawara. Shi ke raɗa wa jariranmu suna, shi ke sasanta miji da mata, shi ke zuwa asibiti in ɗalibi ya kwanta. To amma limamin nan namu yana da wata lalura: ba ya iya wuce ciyawa bai tsuguna ba.

Daga tashar jirgin LRT ta Sri Petaling zuwa shagon mamak, na Indiyawa Musulmi, inda muke shan shayi, tafiyar minti biyar ce ga kowa. Da Malam Ɗahiru rabin awa ce. Zai tsaya a bakin kwata da jallabiyarsa, ya ciro wani ɗan gilashi daga aljihu, ya kafa wa ganye ido kamar mai duba zare a jikin shadda. Ni kuma in koma gefe ina wayancewa da danna waya, kada masu wucewa su ce tare muke. Falonsa kuwa ba a magana. An ture kujeru jikin bango, tsakiya duk tarin tsofaffin jaridu ne. Yakan shimfiɗa tsiro a tsakanin jarida, ya rubuta lamba da fensir a gefenta, ya rubuta wannan lambar a littafinsa da bayanin inda ya samo shi, sannan ya danne da katako biyu ya ɗaure da igiya. Saboda damshin garin nan kullum sai ya kwance ya canza jaridun, in ba haka ba ganyen ya yi funfuna. Ba maƙwabcin da bai roƙi tsohuwar jarida a wurinsa ba, har Sinawan hawa na tara. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Malam, yaushe ka koyi Sinanci?" Ya ce, "Alhaji Sabi'u, ba karantawa nake ba. Tasu ta fi shan ruwa."

Abin da ya kawo shi ƙasar nan wani mutum ne da ya mutu tun kafin a haifi kakanninmu. Malam Ɗahiru ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce "Dattijo", har na ɗauka wani tsohon malaminsa ne na Zariya. Ashe wani fasto ne, Baturen Ingila na ƙarni na sha tara. Labarinsa na ji shi sau ba adadi a kan kofin teh tarik, shayin madarar ƙasar nan, har na haddace ba da niyya ba. Ɗan ƙauye ne, ya yi karatun addininsu, aka ba shi wani ƙaramin coci a karkara mai jama'a kaɗan. Ran Lahadi ya yi wa'azi, sauran kwanakin ya rataya ɗan akwatin kwano a kafaɗa ya bi gonaki da fadamu yana tattara tsirrai. In ya je duba marar lafiya, da addu'a zai shiga, da ciyawa cike da aljihu zai dawo. Manyansa na coci sun yi ta gunagunin ya fi sanin ganyen unguwar a kan mutanenta, amma su mutanen ba su taɓa kai ƙararsa ba. Da furfura a kansa ya shiga jirgin ruwa ya taho nan, lokacin da Turawa ke mulkin ƙasar. Ya yi 'yan shekaru yana hawa tsaunuka tare da 'yan ƙasa masu nuna masa hanya, har zazzaɓi ya yi ajalinsa. Aka kwashe busassun tsirransa aka kai Ingila. Suna can har yau, kowanne manne a takarda, da ƙananan rubutunsa a ƙasa: ga inda aka samo, ga ranar, ga abin da 'yan ƙasa ke kiransa.

Aikin Malam Ɗahiru shi ne ya bi hotunan takardun nan ɗaya bayan ɗaya, ya je duk inda Dattijo ya ce ya je, ya ga abin da ya rage da abin da ya ɓace. Sau da yawa babbar hanya yake tararwa, ko rukunin gidaje, a inda aka rubuta daji. Wani lokaci kuma ya tarar da tsiron na nan daram a gefen gada, sai ya dawo gida yana fara'a kamar an yi masa haihuwa.

Ba kowa ne abin ya kwanta wa ba. Wata rana bayan Azahar wasu ɗalibai suka tare shi a ƙofar surau, babbansu ya ce, "Malam, with due respect, ya za a ce liman kullum yana yabon fasto? It doesn't look good." Malam Ɗahiru bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Addininsa nasa ne, hisabinsa na wurin Allah, ba wurina ba. Abin da na sani, shekara biyu ina bin sawun mutumin nan ban kama shi da ƙarya ko ɗaya ba. In bai tabbatar da abu ba sai ya rubuta bai tabbatar ba. Cikinku wa zai ce haka a kan form ɗin scholarship ɗinsa?" Nan take kowa ya shiga neman takalminsa. Ranar na ji kaina ya yi girma, kamar ni na ba da amsar.

A cikin takardun Dattijo akwai tsiro ɗaya da ya hana Malam sukuni. Wani ɗan ƙaramin abu ne da ke fitowa a jikin dutse mai damshi, a wani tsauni da ke bayan gari. Tun bayan faston ba wanda ya sake ganinsa, har masana sun fara cewa ya ƙare. Malam ba shi da mota, don haka ni ne direbansa na ran Asabar, tunda ba a ce wa liman a'a. Sau huɗu muna hawa tsaunin muna saukowa hannu rabbana. A hawa na biyar, ina sanye da shadda don har lokacin ban yi hankali ba, muka yi La'asar a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse, shi liman ni ina damansa. Da muka sallame na zauna ina ciccire matsattsaku daga ƙafata ina mita, shi kuma ya kutsa daji. Can sai na ji kabbara. Na ruga na ɗauka maciji ne. Na same shi durƙushe a gaban wani dutse mai ɗigar ruwa, hawaye na bin gemunsa, yana kallon wani ganye mai gashi-gashi da bai kai tafin hannun jariri ba, da ɗan fure fari mai ratsin shuɗi.

Reshe biyu kawai ya tsinka, ya ce ba su da yawa, a bar sauran. Ya zauna ya cika shafi guda a littafinsa. Ni kuma na yi tambayar da kowane Bahaushe zai yi.

"Malam, maganin me yake?"

"Ba maganin komai, Alhaji. Shi dai yana nan. Allah bai ɗauke shi ba."

Na gyaɗa kai, amma a raina na ce ɓoye mini yake. Mu a wurinmu ganye in ba na miya ba ne to na magani ne. Kuma mutum malami, mahaddaci, ya hau tsauni sau biyar har da kuka, a ce wai don ya ga abu yana nan kawai? Ya sha gaya mini cewa tarin nan nasa shaida ce, ba magani ba, amma maganar ta bayan kunnena take bi.

Ba a cika wata biyu ba zazzaɓi ya kama shi. Kwana shida ya yi a asibiti. Ba zan tsawaita a nan ba, don har yau in na tuna yadda muka tsaya a surau washegarin jana'iza, an yi iƙama muna ta kallon juna ba wanda ya iya shiga gaba, sai in ajiye alƙalami.

Hajiya Bilkisu ta shiga takaba, kuma dole ta koma ƙaramin gida da yaran. Aka kwaso kwalayen ganye goma sha ɗaya aka jibge a ɗakin da nake ajiye kaya. Na tambaye ta yadda za a yi da su, ta ce cikin kuka, "Alhaji, duk yadda ka gani." Da aka zo maganar gado ba wanda ya ɗauke su a matsayin dukiya. An raba tufafinsa sadaka kamar yadda aka saba, wani ya samu hula, wani jallabiya. Sai mutane suka fara zuwa wurina ɗaya-ɗaya, kowa da murya ƙasa-ƙasa: "Alhaji, ganyen Malam ɗin nan fa, ko za a ɗan sam mana?" Mai ciwon baya, mai olsa, mai neman haihuwa, har wanda jarrabawa ta sha kansa. Ni kuma na ga hanyar lada ce, in rarraba ladan ya iske shi a kabari. Na buɗe kwali biyu na sama. In zare ganye daga jaridarsa, in saka a leda, in miƙa. Jaridun masu lamba kuwa na yi ta naɗe wa kwastomomi kaya da su. Wannan ne aikin da na yi wa aminina, da hannuna, da kyakkyawar niyya, har ina jin daɗi.

A saman kwalin farko akwai wani, reshe biyu, da aka keɓe a cikin fayil mai kauri, an ɗaure da zare. Ɗanye na san shi, amma busasshe duk ganye ɗaya ne a idona. Na dai ce wanda aka killace haka shi ne babba, don haka babban mutum ya dace da shi. Na kai wa Alhaji Bala, dattijon da ke harkar kargo a Sri Petaling, wanda ciwon gwiwa ya mayar da sallarsa kan kujera.

Bayan takaba ta yi nisa sai ga baƙuwa a ɗakin kayana. Farfesa Noraini ce, 'yar ƙasar nan, wadda ke duba aikin Malam a jami'a. Gajeriya ce mai tabarau, ta kusa shekara sittin. Ta ce jami'a na so ta karɓi tarin gaba ɗaya ta ajiye a ɗakin adana busassun tsirrai da sunan Malam, za a haɗa kowane ganye da lambarsa ta littafi. Ta ce musamman na tsaunin nan take nema, wanda Malam ya keɓe a fayil mai kauri, don shi ne ƙashin bayan aikinsa, kuma hoton waya shi kaɗai ba ya zama shaida a wurinsu, sai ganyen kansa. Ta buɗe kwalin farko ta ga rabinsa wayam. Ta kira ni Alhaji da yarensu ta ce, "Tuan Haji, ina sauran?" Na gaya mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Zama ta yi a kan dilar yadi, ta cire tabarau. Sannan ta ce, "Ka san Ustaz yana zuba musu kafur don ƙwari? Ba abin sha ba ne." Sai a lokacin na gane ba aikin Malam kaɗai na ɓata ba, rayukan mutane ma na yi wasa da su.

Kwana tara na yi ina bin gidaje, daga Bukit Jalil zuwa Sri Petaling, hau lif sauka lif, ina roƙon abin da na bayar da bakin sadaka. Ban taɓa jin kunya irin ta kwanakin nan ba. Wasu suka dawo da shi suna harara. Wata ta ce ai ta yi hayaƙi da nata. Wani ya riga ya aika wa mahaifiyarsa Katsina. Allah ya tsare, ba wanda abin ya wuce masa murɗawar ciki. Waɗanda suka dawo kuwa, tunda ba lamba, Farfesa ta ce kaɗan ne za ta iya ganewa, sauran sun zama shara.

Alhaji Bala na bari ƙarshe, don tsoron abin da zan ji. Na same shi a kedai ɗinsa, wato shagonsa, ya buɗe shinkafar da ya yi tapau, wato ya sayo a ƙunshi, zai ci.

"A'a, Alhaji Sabi'u, zo mu makan."

"Alhamdu lillahi, Alhaji. Wai ganyen nan da na kawo maka, na cikin fayil..."

"Ai na sha lah, tun a satin. Na ɗauraye shi don yana warin kafur, na dafa na zuba zuma. Wallahi very effective, jiya har ruku'u na yi ba kujera. Akwai saura?"

Ban san lokacin da na zauna a kan kwalin kayansa ba. Abin da aka yi sama da shekara ɗari ba a gani ba, abin da Malam ya zubar wa hawaye, ya tafi a kofi ɗaya.

Na koma na gaya wa Farfesa. Sai ta buɗe littafin Malam a shafin ranar. Sama duk Turanci ne da sunayen kimiyya, da lambobin da waya ke bayarwa na wuri. Ta ce a ƙarƙashin bishiyoyi masu duhu lambobin nan gangaren tsauni kawai suke kai mutum, ba sa kai shi gindin tsiro, ta je da kanta sau biyu ba ta ga komai ba. Ta ɗora yatsa a kan layi uku na ƙarshe ta ce waɗannan ne ta kasa karantawa. Hausa ce. Na karanta mata: "Daga dutsen da muka yi La'asar ni da Alhaji Sabi'u. A fuskanci alƙibla, a juya dama, taku sittin ana gangarawa. Bayan dutse mai ɗigar ruwa." Ashe haka yake yi a duk littafin. Daga inda ya yi salla yake auna wuri, don a duk fita daji nan ne yake tsayawa cik ya tabbatar da inda ya fuskanta. Mutum biyu ne suka san dutsen nan, ɗaya kuma yana kabari.

Asabar ɗin da ta biyo muka hau, ni da Farfesa. Matar nan da ta girme ni ta bar ni a baya ina haki. Da muka isa gangaren sai na tarar da shimfiɗaɗɗun duwatsu uku, duk kama ɗaya. Na tsaya a kan na farko, na koma na biyu, ban gane komai ba. Abin da ya cece ni abin kunya ne. Ranar da muka yi sallar hankalina ba ya kanta. A sujada idona na kan wani farin layi da ya ratsa dutsen ya rabu biyu, ina ta tunanin ya yi kama da zanen wata atamfa da na taɓa sara. Sai na bi duwatsun ina durƙusawa ina kai goshi ƙasa. A na uku na ga layin. Farfesa ta ciro waya ta nuna alƙibla, na juya dama na fara ƙirga. Taku sittin ya ƙare a cikin sarƙaƙiya, ba dutse ba ruwa. Na juyo ina kallonta kamar in fashe da kuka. Ta ce, "Ustaz dogo ne lah, Tuan Haji, kai gajere. Ƙara goma." Na ƙara goma sha biyu, sai na ji ɗigar ruwa.

Yana nan, har da fure. Dutsen na da santsi kuma hannunta bai kai ba, don haka ni na miƙa nawa na tsinko reshe ɗaya. Da muka sauko wurin mota ta ciro takarda tana rubutu, sai ta ce in faɗa mata yadda ake rubuta cikakken sunana.

"Sunana na me, Farfesa? Sunan Malam za ki sa."

"Tak boleh, Tuan Haji. Ba zai yiwu ba."

Na ce shi ya gano, shi ya sha wahala, ni ɓarna kawai na yi. Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah, har na ce wa zai sani. Ta ce, "Takardar tambaya take, hannun wa ya tsinka, kuma yaushe. Yau aka tsinka, Ustaz kuwa wata biyar ke nan da rasuwa. Wanda zai zo bayan shekara ɗari zai yarda da takardar nan yadda Ustaz ya yarda da ta faston. Ba zan yi masa ƙarya ba." Raina ya ɓaci matuƙa. Na tada mota muka koma gari.

Bayan wasu watanni ta kira ni in je in gani. An manna tsiron a farar takarda. A sama, wurin mai tsinka, sunana ne, nata na biye. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, layi ɗaya: cewa marigayi Ɗahiru ne ya fara sake gano tsiron a wannan wuri, kuma littafinsa aka bi aka koma. Kafin Hajiya Bilkisu ta koma gida na je na faɗa mata komai, na nemi gafara. Ta ce, "Alhaji, da yana nan dariya zai fara yi, sannan ya yi kwana uku ba ya yi maka magana." Ta yafe mini. 'Yan'uwansa na Kano da suka ji sunana na kan takardar sun ɗauka wani abin kirki na yi, har godiya suka aiko. To yau ga gaskiyar magana.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo ya ga yau. Ɗaliban yanzu waya suke ɗorawa a kan ganye ta faɗa musu sunansa nan take. Na san ba zai raina abin ba, karɓar wayar zai yi ya nufi bakin kwata ya yi mata jarrabawa har yamma, in ta ci ya yaba mata. Abin da zai fi tayar masa da hankali shi ne tsohuwar jarida ta yi wuya, kowa a waya yake karatu. Gindin tsaunin kuwa an fara yanka shi, gine-gine na hawa. Ban sake hawa ba, ni ma gwiwar ta fara gaisuwa, don haka ban sani ba ko tsiron na nan, kuma tunda ban sani ba, ba zan ce yana nan ba. Alhaji Bala har gobe rantsuwa yake ganyen Malam ne ya warkar da shi, na gaji da musu. A kan maganar sunana kuwa ba na ma buƙatar tambaya. Bayan Farfesa zai bi, ba nawa ba. Wannan ne ke yi mini ciwo, kuma shi ne ke sa in ƙara ganin girmansa.

Kundinsa bai kammalu ba, ba a taɓa kiransa dakta ba. Amma kwali tara da suka tsira daga sadakata suna nan a cikin akwatunan ƙarfe, a ɗaki mai sanyi, kowace takarda da sunansa da lambarsa. Ɗaliban da ba su taɓa ganinsa ba suna ɗaukar abin da ya rubuta ba tare da shakka ba. Jariran da ya raɗa wa suna sun kusa kamo ni tsawo, in na gaishe su da Hausa su amsa da Turanci. Ni kaina ba zan ce na zama waliyyi a kasuwa ba, amma tun daga shekarar in ban san inda aka saƙa yadi ba, ban sani ba nake cewa. Fasto daga Ingila da liman daga Kano, ba su taɓa haɗuwa ba, ba su yi salla ɗaya ba, amma shaidarsu ta zo ɗaya a kan wani ɗan ganye da ba ya maganin komai. Ina alfahari da cewa na biyun namu ne. Allah ya jiƙan Malam Ɗahiru, ya haskaka makwancinsa, ya raya abin da ya bari.

Makon jiya na je ɗakin adanar, kamar yadda nake yi duk shekara. Farfesa ta yi ritaya, wata sabuwar ma'aikaciya na tarar. Ta duba sunana a katin shiga, ta ciro takardar, ta duba sunan da ke sama, sai ta miƙe tsaye ta ce, "Ashe kai ne Dakta Sabi'u!" Na ce mata a'a, ni yadi nake sayarwa, direba ne ni ranar. Ta yi dariya, ta ɗauka tawali'u ne. Shi ya sa nake roƙon duk wanda Allah ya kai shi ɗakin nan ya riƙe takardar a hannunsa, ya tsallake sunan da ke sama, ya fara karatu daga layin ƙasa.